Cire gashin fuska da allurar lantarki: me ya sa haɓata ta yi ɓawo da baƙaƙen ɗige-ɗige?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 29, kuma na daɗe ina fama da gashi mai kauri a haɓa da gefen muƙamuƙi, wanda nake tugewa da matsefata, wani lokaci kuma a yi mini halawa. Watanni biyu da suka wuce na fara zuwa wani wurin gyaran jiki inda ake cire shi da allurar lantarki. A zama na farko wurin ya yi ja ya ɗan kumbura, washegari ya koma daidai. A zama na biyu an ɗauki fiye da awa guda ana share haɓar gaba ɗaya, sai ta riƙa tsattsafo da wani ruwa rawaya, ta yi ɓawo, da ɓawon ya zube kuma ya bar mini ɗige-ɗige baƙaƙe. Wata ƙawata ta ce in shafa man da zai haska wurin. Shin haka abin yake yi wa kowa, ko an lalata mini fata ne? In ci gaba ko in daina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika gani bayan zama na farko shi ne abin da ake tsammani daga kowace lafiyayyar fata, amma na zama na biyu ya wuce kima, kuma bayaninki yana nuna cewa an ɗora wa haɓar abin da ya fi ƙarfinta a rana guda. Baƙaƙen ɗige-ɗigen da suka rage, muddin a shafe suke, ba su loɓa ba kuma ba su yi tudu ba, galibi sukan dushe da kansu cikin watanni. Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonki shi ne man da ƙawarki ta ba ki shawara a kansa, domin shi ne zai iya mayar da matsalar 'yan watanni ta zama ta shekaru. Kada ki shafa shi, kuma kada ki koma zama na uku tukuna.

Kafin ki iya bambance abin da ya dace ki gani da wanda bai dace ba, sai kin san abin da allurar take yi a cikin fata. Wannan aiki, da ake kira elektirolisis, ba sabo ba ne. Wani likitan ido mai suna Charles Michel a birnin St. Louis na Amurka ne ya fara ba da rahotonsa a 1875, bayan ya yi amfani da lantarki wajen kashe gashin ido da ke juyawa ciki yana sokar idon marasa lafiyarsa. Ana zura allura wadda kaurinta bai wuce na gashin ba ta cikin ramin da gashin ya fito, ba tare da an huda fata ba, har ta kai ga saiwa, sannan a saki wuta kaɗan. A hanyar Michel, wutar tana haɗuwa da ruwa da gishirin da ke cikin ramin, sai a sami ɗigon soda mai cin nama, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, ita ce kuma take narkar da saiwar. A shekarun 1920 wani likita a birnin Lyon na Faransa, Henri Bordier, ya kawo hanya ta biyu mai aiki da zafi, inda wutar take dumama ruwan da ke kewaye da bakin allurar har saiwar ta dahu. A shekarun 1940 kuma Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka haɗa hanyoyin biyu a na'ura guda. Kowacce aka bi, kowane gashi da aka kashe yakan bar ƙaramar ƙuna, ta soda ko ta zafi, a ƙarƙashin fata, don haka idan an cire gashi 200 a zama ɗaya, raunuka 200 ke nan jiki zai warkar. Gwanintar mai aikin gaba ɗaya tana ga iya ajiye wannan ƙuna can ƙasa inda saiwa take, saman fata kuma ya tsira.

Shi ya sa ja, ɗumi, raɗaɗi da ɗan kumburi a bakin kowane rami, kamar cizon sauro, ba abin tsoro ba ne. Jiki ne yake tura jini da ruwa zuwa inda aka yi masa rauni. Yawanci sukan lafa cikin 'yan awoyi, a wasu mutane kuma sukan kai kwana ɗaya ko biyu, musamman a saman leɓe, wanda ya fi ko'ina zafi lokacin aiki. Ƙananan ɓawo jefi-jefi, waɗanda ba su fi kan allura girma ba, suna iya bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu su zube da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai dai a fuska bai kamata su yi yawa ba. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman: a fata mai duhu, ja ba ya fitowa fili yadda yake fitowa a farar fata. Mai aikin da ta koyi sana'ar da hotunan Turawa, tana jiran ta ga fata ta yi jawur kafin ta sassauta, za ta iya wuce iyaka ba ta sani ba. A wurinmu kumburi, sheƙi da zafin wurin su ne alamun da ya kamata a lura da su.

Ruwa rawaya da kika ce haɓar ta riƙa tsattsafowa ruwan jini ne da ke fita idan ƙunar ta taɓa saman fata, kuma shi ne ya bushe ya zama ɓawon da kika gani. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Ko an ƙara wutar fiye da buƙata don a yi sauri, ko allurar ba ta shiga da zurfi ba sai aka saki wutar kusa da sama, ko kuma an bi gashi kusa da kusa a wuri mai cunkoso har ƙananan raunukan suka haɗe suka zama babban rauni ɗaya. Share haɓa mai yawan gashi tas a zama guda, a farkon aiki, kuskure ne a ganina ko da matar ce ta roƙa. Ƙwararriya takan yi tsallake-tsallake, ta cire nan ta bar can, ta rage gashin sannu a hankali. Idan a lokacin aikin kin ji ƙaramar ƙara kamar ta tsartuwa, ko kin ga bakin ramin ya yi fari fat, wutar ta yi yawa ko ta tsaya a sama. Idan kuma kin ji ana fizgar gashin kamar yadda matsefata ke yi, to saiwar ba ta mutu ba, tugewa kawai aka yi, kuma zai dawo. Gashin da aka kashe daidai yakan zame ya fito ba gardama.

Ya kamata in yi wa mai aikin adalci ta fuska ɗaya. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma ramin da yake fitowa ma a lanƙwashe yake a cikin fata, alhali allura miƙaƙƙiya ce. Kai bakinta ga saiwa ya fi wuya a kan na mai miƙaƙƙen gashi, kuma shekarun da kika yi kina tugewa suna iya barin wurin da gashin da ya maƙale a ƙarƙashin fata da tsofaffin tabbai. Wannan ne dalilin da ya sa masu aikin da yawa suka fi son haɗaɗɗiyar hanyar nan a kan irin gashinmu, domin soda ruwa ce, tana iya gangarawa ta bi lanƙwasar ramin zuwa inda allura ba ta kai ba. Akwai kuma allura mai rufi a jikinta, wadda bakinta kaɗai ke sakin wuta, kuma tana taimakawa wajen kare saman fata. Wahalar aikin dalili ne na ƙara nutsuwa da rage wuta, ba ta zama uzurin ƙona fuska ba.

Yanzu ga baƙaƙen ɗige-ɗigen. A ƙasan fatar sama akwai ƙwayoyin da ke sarrafa melanin, sinadarin da ke ba fata launi. Duk lokacin da fata ta ji rauni ko ta kumbura, ko da ƙurji ne ko ƙuna ko susa, waɗannan ƙwayoyi sukan zabura su zubo da melanin fiye da kima a wurin. Likitocin fata suna amfani da wani ma'auni da Thomas Fitzpatrick ya ɓullo da shi a 1975, wanda a yau ya kasa fatar ɗan Adam rukuni 6 bisa yadda take yi da rana. Yawancinmu muna rukuni na 5 da na 6, wasu na 4, kuma su ne rukunan da wannan baƙin tabo ya fi kamawa, ya fi kuma daɗewa a jikinsu. Idan launin ya tsaya a fatar sama, yakan yi ruwan ƙasa ko baƙi, kuma yakan dushe cikin wata 6 zuwa 12 yayin da fata ke sabunta kanta. Idan raunin ya yi zurfi har melanin ya zube cikin fatar ƙasa, tabon yakan yi launin toka ko shuɗi-shuɗi, kuma wannan yana iya ɗaukar shekaru. Kallon launin a hasken rana yana ba likita haske kan wanne ne, shi ya sa nake so likitan fata ya duba ki ido da ido.

Babban abin da ke hana irin wannan tabo dushewa shi ne rana. Mutanenmu da yawa suna ganin man kariya daga rana na Turawa ne, alhali ga mai baƙin tabo a fuska shi ne magani na farko. Ki nemi wanda aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa, ki shafa kowace safiya, ki sake idan za ki daɗe a waje ko kin wanke fuska. Wanda aka sa masa ɗan launi ya fi amfani ga fata mai duhu, domin yana tare har da hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo. Bayan fatar ta warke sarai, likita zai iya ba ki mai ɗauke da azelaic acid ko niacinamide, kamar yadda ake rubuta su a jikin kwali, ko ɗaya daga cikin dangin tretinoin idan ba ki da juna biyu kuma ba kya shirin ɗauka. Hydroquinone ma likitoci suna bayarwa, amma a kan tabon kaɗai, na ɗan lokaci ƙayyadadde, kuma da sa ido.

Man haskawa da ake sayarwa a kasuwa, musamman haɗin da ake zubawa a roba babu suna babu bayani, labarinsa daban ne. Da yawansu suna ɗauke da istiroyid mai ƙarfi, wato maganin kumburi da ƙaiƙayin fata, irin su clobetasol da betamethasone. A makonnin farko fata takan yi haske da santsi, mace ta ɗauka ta dace, daga baya sai fatar ta sirance, ƙananan jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, rauni kuma ya daina warkewa da wuri. Abin da ya fi dacewa da ke ki sani shi ne istiroyid da ake shafawa a fuska yana iya ƙara fitar da gashi, wato ainihin abin da kike kashe kuɗi don rabuwa da shi. Hydroquinone kuwa, idan aka daɗe ana shafa shi barkatai, yana haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen fuska wanda ya fi tabon farko muni, kuma da ƙyar yake jin magani. Wasu haɗe-haɗen kuma akwai sinadarin makuri a ciki, mai illa ga ƙoda da jijiyoyi. Idan dama kina shafa irin wannan mai kafin ki fara zuwa wurin allura, ki faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba, domin fatar da istiroyid ya sirantar tana ƙonewa da wutar da lafiyayyar fata za ta ɗauka lafiya, kuma ba a daina shi farat ɗaya, sai a hankali.

Haka nan ki nisanci lemon tsami, goga kurkum, dilka da sabulun salo mai kaifi a kan wurin. Duk abin da ya sa tabon raɗaɗi yana sake zaburar da ƙwayoyin melanin ne, ruwan lemon tsami kuma idan ya haɗu da rana yana iya ƙona fata da kansa.

Akwai illolin da suka fi baƙin tabo tsanani, ko da yake ba su kai shi yawa ba. Wani lokaci ƙunar takan kashe ƙwayoyin launin gaba ɗaya, sai wurin ya yi fari, kuma farin ɗigo ya fi baƙi wuyar komawa daidai. Wani lokaci kuma naman ƙasan fata yakan tsuke yayin warkewa, ya bar ƙananan ramuka ko tamoji, musamman a saman leɓe da kusurwar baki. Wannan ba lalle ya bayyana nan take ba, yana iya fitowa bayan watanni, kuma fata takan ci gaba da gyara kanta har shekara ɗaya ko fiye, don haka ba a yanke hukunci a kansa da wuri. Sai kuma tabo mai tudu, wanda likitoci ke kira kiloyid, mai girma ya wuce iyakar raunin da ya haifar da shi, yana ƙaiƙayi ko zogi. Ya fi yawa a baƙar fata, yana bin jini a wasu gidaje, kuma gefen muƙamuƙi, inda kike da gashi, yana cikin wuraren da ya fi so, tare da kunne, ƙirji da kafaɗa. Ki duba hujin kunnenki, tabon rigakafi a kafaɗa, ko inda aka taɓa yi miki tiyata ko tsaga. Idan wani daga ciki ya yi tudu, ko akwai mai irin wannan a danginku na kusa, kada a sake sa miki allura sai likitan fata ya amince. Idan kuma kin ji wani ɗigo a haɓar ya fara tauri yana tasowa, ki je da wuri, domin allurar magani da likita ke yi wa kiloyid ta fi aiki tun yana ƙarami.

Game da shigar ƙwayoyin cuta, ramukan suna buɗe na kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, shi ya sa wasu ke ganin ƙananan ƙuraje masu farin kai. Idan kaɗan ne sukan baje da kansu in an bar su da tsabta. Amma idan ɓawon ya yi kauri yana yaɗuwa, ko wurin ya ƙara zafi da kumburi bayan kwana na biyu maimakon ya ragu, ko mugunya ta taru, ko zazzaɓi ya zo, to asibiti za ki a ranar, domin ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kada ki matse ƙurji a saman leɓe ko gefen hanci, saboda jijiyoyin jinin wannan yanki suna da hanya zuwa cikin kai. Masu yawan samun ƙurajen nan da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi su ma su yi hattara, domin ƙwayar cutar da ke kawo su tana kwance ne a jijiya, kuma aiki kusa da baki yana iya tayar da ita. Likita yakan ba da aciclovir ko valaciclovir a fara sha kafin zaman, kuma ba a taɓa wurin idan ƙurajen suna nan.

Maganar allura ba ta da sassauci. Dole ta zama sabuwa, a buɗe ta daga ledarta a gabanki, a jefar bayan an gama, matsefatar kuma a tsabtace ta a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, mai aikin tana sanye da safar hannu. Goge allura da sipirit bai wadatar ba. Ko da yake ba a nufin huda fata, allura takan kuskure ta taɓa jini, kuma ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta ɗigon jinin da ido ba ya gani. A Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba.

Idan allura ta taɓa ƙaramar jijiya, jini yakan kwanta a ƙarƙashin fata ya yi duhu na mako ɗaya ko biyu, kuma hakan ya fi faruwa ga masu shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Wadda ɗan kunnen ƙarfe ke sa wa ƙaiƙayi ta nemi allura mai ruwan zinariya. Man kashe zafi irin su EMLA yana taimakawa, amma a shafa kaɗan a ƙaramin wuri. A 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi bayan mutuwar wasu mata biyu da suka shafe ƙafafunsu da irin wannan mai suka naɗe da leda kafin a cire musu gashi da leza, na'urar da ke ƙona gashi da haske mai ƙarfi. Mai ƙarancin sinadarin G6PD a jini, lalurar da ta yawaita a Afirka ta Yamma, ta tambayi likita kafin ta shafa shi. Sannan fatar da aka kashe wa zafi ba za ta gaya miki wuta ta yi yawa ba, wanda wani dalili ne na kada a tsawaita zama.

Akwai waɗanda bai kamata su zauna a kujerar ba sai da izinin likita: mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai juna biyu, mai ciwon sukari da bai daidaita ba, da mai shan isotretinoin don ƙurajen fuska ko wadda ba ta daɗe da dainawa ba. Gashin da ya fito a kan tawadar Allah ma sai likita ya duba tawadar kafin a taɓa shi.

Idan kin koma, kulawar kwana biyun farko ita ce rabin aikin. Ki ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma mai tsabta na 'yan mintuna, kada ki riƙa kai hannu, kuma ki bar hoda, fandeshin da turare har kwana ɗaya ko biyu. Alwala ba ta da matsala da ruwa mai tsabta, ki dai shafa a hankali, ki tsane da tawul mai tsabta ba tare da gogawa ba. Idan kina sa niƙabi ko hijabi mai matse haɓa, ki sa wankakke mai laushi, domin gumi da gugar yadi suna jawo ƙuraje. Ki kauce wa tiririn girki, turaren wuta kusa da fuska da wanka da ruwa mai zafi sosai a ranar. A lokacin hunturu fata takan bushe ta tsage, sai ki shafa basilin ɗan kaɗan. Idan ɓawo ya fito, ki bar shi ya faɗi da kansa, domin ɓamɓare shi kafin lokaci yana cikin manyan abubuwan da ke barin tabo.

A kan ko ki ci gaba, ra'ayina shi ne hanyar ba ta da laifi, hannun da ya yi zama na biyu ne ke buƙatar gyara ko canji. Elektirolisis ce kaɗai FDA ta amince a kira ta cire gashi na dindindin, leza kuwa rage gashi ake ce mata. Allura ba ruwanta da launin fata ko na gashi, tana kashe furfura da siririn gashi waɗanda leza ba ta gani. Leza tana bin melanin ne, don haka a baƙar fata tana iya ƙona fatar tare da gashin sai an yi amfani da nau'in Nd:YAG, kuma a wasu mata takan ƙara tayar da gashi a gefen fuska da wuya. Ga mai gashi baƙi, mai kauri da yawa, fara ragewa da Nd:YAG a hannun ƙwararre sannan a ƙarasa da allura shawara ce mai kyau. Idan allurar za ki ci gaba da ita, ki jira har fatar ta lafa gaba ɗaya kuma tabon ya fara dushewa. Ki nuna wa mai aikin hoton abin da ya faru, ki tambaye ta wace hanya take bi, wace allura, da kuma ko ta saba da baƙar fata da murɗaɗɗen gashi. Ki nemi a gwada 'yan gashi kaɗan a ƙarƙashin haɓa a jira mako biyu, sannan zaman ya zama na minti 15 zuwa 30. Wadda ta ce miki ruwa rawaya da ɓawo alamar aiki ya ci ne, ki canza wuri. Ki kuma sani cewa gashi ba ya fitowa lokaci ɗaya, wani yana girma wani yana hutawa a ƙarƙashin fata, shi ya sa aikin yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 ko fiye. Tsakanin zama da zama ki ajiye matsefata da halawa, ki datse da almakashi ko ki aske, domin aski ba ya ƙara wa gashi kauri kamar yadda ake faɗa, sai dai ki bar shi ya ɗan tofo kwana biyu ko uku kafin ranar zama.

Saura abin da ba ki tambaya ba, wanda kuma zai iya rage yawan allurar da fuskarki za ta sha. Gashi mai kauri a haɓar mace 'yar shekara 29 yawanci yana da dalili a cikin jiki. Kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu wannan matsala suna da lalurar PCOS, wadda ta shafi ma'ajiyar ƙwan haihuwa, take kuma ƙara sinadaran namiji a jinin mace. Alamunta sun haɗa da rikicewar al'ada, ƙurajen fuska, ƙiba, duhun bayan wuya da jinkirin ɗaukar ciki. Allura tana kashe gashin da ya riga ya fito, amma ba ta hana waɗannan sinadarai mayar da siririn gashi ya zama mai kauri, don haka mace za ta iya shekara tana zuwa tana ganin kamar aikin banza ake yi. Likitan mata ko na sinadaran jiki zai iya yin gwajin jini da hoton mara, ya ba da ƙwayoyin daidaita al'ada ko spironolactone, wanda ba a sha da juna biyu, kuma sai an yi kamar wata 6 kafin a ga tasirinsu a gashi. Ga mai ƙiba, rage nauyi ko kaɗan ne yana taimakawa. Idan kuwa gashin ya taso ne da sauri cikin 'yan watanni, tare da kaurin murya ko sanƙo, kada ki jinkirta ko mako guda, domin ana so a tabbatar ba wani ƙari ba ne ke fitar da sinadarin. Ranar da za ki asibiti, ki tafi da duk man da kike shafawa da magungunan da kike sha, har da na ƙarin ƙiba da na gargajiya, ki kuma rubuta ranakun al'adarki na watannin baya. Allah Ya ba ki lafiya.